Yau Ya Tashi, Gobe Ya Ƙi

Kakanmu yana da tsohon babur ƙirar Honda Benly wanda ya girme mu nesa ba kusa ba. Gwiwarsa ta daina jure buga kik, don haka sitata kaɗai ya dogara da ita. Ita kuwa yau ta tayar da inji, gobe ka danna maɓalli ka ji "ƙas" kawai. Sau biyu ranar ganin likitansa tana wuce shi saboda haka.

Mu jikokinsa uku muka yanke hukunci cewa batir ne, har muka fasa asusu. Sai bakaniken unguwarmu ya ce, "Samari, ba a sayen magani kafin a san ciwo. Ku bi wutar daga tushe."

Muka kunna fitila, muka danna maɓalli. Da batir ne ya yi sanyi, da hasken ya dushe; bai dushe ba. Ƙarar "ƙas" kuma ta nuna maɓallin na aiki. Muka kankare tsatsar bakin wayoyi, muka ɗaure su tamau. Washegari ya sake ƙi.

Sai ƙaninmu ya ƙwanƙwasa jikin sitatar da ƙotar sukundireba, nan take ta juya! Da bakanike ya buɗe ta, ya nuna mana 'yan gawayin da ke kai wuta ga abin da ke juyawa a ciki. Sun cinye, wani lokaci su taɓa, wani lokaci su ƙi.

Sababbin ba su kai kuɗin batir ba. Da mun bi zato, da asusu ya tafi, ciwon yana nan. Ranar Litinin Kaka ya isa asibiti a kan lokaci.