Alkyabba Ba Mayafi Ba Ce, Ko Da Bature Ya Ce Haka

A hunturun da ya wuce wani ma'aikacin gwamnati, mutumin Ajingi, ya same ni a zaurena a Gaya bayan sallar La'asar, riƙe da wani ɗan littafin aikin Hajji da Umra na Turanci. Ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, Umra zan tafi, kuma an ce Madina akwai sanyi. Littafin nan ya ce tufar harami ta sama "cloak" ce, ƙamus kuma ya ce "cloak" alkyabba ce. Ashe in ɗaura zane, in aza alkyabbar mahaifina a kai, na yi daidai?"

Na ce masa ya dakata. Ni dai ba na fatawa da Turanci, domin karatuna na zaure ne. Sai na kira ɗana, wanda ke koyarwa a makarantar boko, ya buɗe mana babban ƙamus, ni kuwa na janyo Muwaɗɗa da Muhtasar.

Abin da muka gano ya ba ni mamaki. Wannan kalma "cloak" asalinta daga tsohon Faransanci ne, ma'anarta ƙararrawa, saboda tufa ce marar hannu wadda ke sauka daga kafaɗa tana buɗewa kamar bakin ƙararrawa. Bature ya dubi siffa kurum. Yana da "cape", watau gajeriyarta, da "mantle", wadda ake ji a tsofaffin littattafai. Yana kuma da "gown", da ita yake kiran babbar rigarmu, da ita yake kiran rigar lauya da ta ɗalibin jami'a ranar yaye, har da rigar amarya. Wannan gwamutsi ba laifi ba ne a wurinsa, tun da babu hukuncin ibada da ya rataya a kan ɗinkin tufarsa.

A Larabci fa ba haka abin yake ba. "Rida'u" mayafi ne, ƙyalle wanda ba a ɗinka shi bisa girman gaɓoɓi ba, shi ne mai harami ke yafawa. "Burnus" tufa ce mai haɗe da abin rufe kai. "Ƙaba'u" riga ce buɗaɗɗiya ta gaba, daga gare ta ne muka sami kalmarmu ta alkyabba. "Disaru" kuwa shi ne abin da ake lulluɓa da shi a bisa tufar jiki, daga nan sunan Suratul Muddassir, sura ta 74, ya fito. Dukansu masu fassara kan jefa su cikin "cloak". Ko Pickthall, a fassararsa ta Alƙur'ani ta 1930, da ita ya fassara farkon wannan sura. Burdar da Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya ba Ka'abu ɗan Zuhairu, ita ma wani lokaci "cloak" suke ce mata, wani lokaci "mantle". Abin dariya, burnus ɗin ma Turawa sun are ta ta hannun Faransawa suna cewa "burnous", amma mai littafin bai yi amfani da ita ba.

To, ga inda haɗarin yake. A hadisin Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya ƙara musu yarda, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, an ambaci burnus da sunanta cikin abin da aka hana namiji mai harami, tare da riga da rawani da wando da huffi. Shehu Halilu kuma a Muhtasar ya hana ƙaba'u, ko da mutum bai zura hannuwansa a ciki ba, muddin ya ɗora ta a kafaɗunsa yadda aka saba sawa. Alkyabbar da muke gani a jikin liman ranar Idi, ko a jikin hakimai ranar hawan salla a ƙofar Sarkin Gaya, ta haɗa abu biyun nan: tana hawa kafaɗa, tana kuma da ƙoƙuwa. Wanda ya sa ta cikin harami har ya amfana da ita wajen kare sanyi, fidiya ta hau kansa a mazhabarmu: azumin kwana 3, ko ciyar da miskinai 6, kowane mudu 2 na mudun Annabi, ko yanka akuya ko tunkiya. Littafi guda, a shafi guda "cloak" ce abin da aka umarta, a shafi na gaba "cloak" ce abin da aka hana.

Ba na zargin mai littafin da mugun nufi. Amma ina ganin sakaci ne a rubuta littafin ibada ba tare da barin kalmar Larabci kusa da fassararta ba. Ma'aikatanmu da 'yan kasuwa da yawa yanzu ta Turanci suke karanta addini, a littafi ko a waya, kuma ba kowa ne zai tako har zaure ya tambaya ba.

Baƙon nawa ya ce, "To Malam, sanyin fa?" Na ce ya sayi bargo mai kauri ya yafa a kan mayafinsa, ban da kai da fuska, wannan babu kome. Alkyabbar kuwa ya sa ta a Madina yadda ya so, in ya iso Zul-Hulaifa ya naɗe ta ya sa a jaka. Kafin ya tashi ya karɓi alƙalamina, ya rubuta "rida'u" da Larabci a gefen shafin farko, "burnus" a gefen na biyu.