Samanja: Banufen Da Ya Riƙe Arewa Da Dariya

In ana hirar mazan jiya a harkar wasan kwaikwayo, yaran yanzu sai su fara lissafi daga Turmin Danya na 1990, kai ka ce kafin nan ba kowa a fagen. To, tun kaset ɗin bidiyo bai shigo kasuwa ba, Alhaji Usman Baba Pategi ya gama zagaye Arewa.

Banufe ne, ɗan gidan sarautar Pategi ta Jihar Kwara. Kuma soja ne na gaske, kakin ba na aro ba ne. Shi ya sa in ya murtuke fuska a Samanja Mazan Fama, ya daka wa kurtu tsawa da Hausar bariki mai gauraye da buroka, tsofaffin sojoji har ƙwalla suke don dariya. Ai sun san irin wannan samanjan, wasu ma sun sha gwale-gwale a hannun irinsa.

Daga rediyon Kaduna wasan ya taso, sannan ya koma NTA Kaduna. Zamanin da akwatin talbijin ɗaya kan ishi layi guda ke nan, yara sun yi cincirindo a tagar mai shi. Ba rawa, ba fosta, kuɗin kuwa kar ma a ta da maganar.

Masu ɗaga hanci yau suna cewa wane ba asalin Bahaushe ba ne, me ya kawo shi industiri, shin Samanja ma da takardar asali ya shigo?

Allah ya yi masa rasuwa a Kaduna ran 12 ga Nuwamba, 2023, ya haura shekara 80. Allah ya jiƙansa.