Fensirin Katako Ko Wanda Ba A Fiƙewa?

Wata ranar Talata a cikin watan Janairu na 1976... a'a, bari mu fara da abin da ya fi kusa. Wata ranar Talata a cikin watan Janairu na 2023, ƙaramar jikarmu ta dawo daga makaranta da yatsa a naɗe cikin tsumma, littafinta na lissafi kuwa duk jini. Muka tambaye ta abin da ya faru. Ta ce, "Kaka, fensirina ne ya karye, na ari rezar wata yarinya in fiƙe, sai ta zame." Da muka bincika, ashe rezar nan guda ɗaya ce take zagaya ajin, kuma ba jikarmu ce ta fara yankewa da ita ba. Hankalinmu ya tashi ƙwarai, gama mun san ciwon hanta da waɗansu cututtuka suna bin jini ta hanyar reza irin wannan. A daren nan muka yanke shawara, mu biyu mata da miji, cewa fensirin katako ya bar gidanmu ke nan.

Ba da sauƙi muka faɗi haka ba, domin da shi muka tashi. Mun shiga firamare a watan Satumba na 1976, shekarar da aka buɗe ilimi kyauta ga kowa a Nijeriya. A lokacin, iyaye sukan raba fensir ɗaya gida biyu ko uku, su ɗaura wa kowane guntu zare, yaro ya rataya a wuya. Wanda ya ɓatar da nasa ya san abin da zai tarar a gida.

Ranar Asabar muka shiga birni ta Ƙofar Mata, muka wuce marina, muka nufi Kasuwar Kurmi, wadda take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, fiye da shekara 500 ke nan. A wajen masu kayan makaranta muka sami fensir iri biyu da ba a fiƙewa. Na farko shi ne mai maɓalli a gindi: in ka danna, siririn baki ya leƙo. Na biyu na roba ne mai ƙananan kawuna jere a cikinsa: in na gaba ya dakushe, sai a cire shi a cusa ta baya, sabo ya fito. Muka saya wa autanmu mai maɓalli, jikoki biyu kuma kowa muka haɗa masa duka biyun. Yara suka yi ta murna, mu ma muka ce mun rabu da reza.

To, kafin mu faɗi yadda ta ƙare, yana da kyau mai karatu ya san abin da ke cikin fensir. Mutane da yawa suna tsammani darma ce, amma babu darma ko kaɗan. Wani baƙin dutse ne mai laushi da ake kira girafayit, wanda aka tarar da shi da yawa a Borrowdale ta ƙasar Ingila a ƙarni na 16. A shekarar 1795 wani mutumin Faransa, Nicolas-Jacques Conté, ya gano yadda za a niƙa shi, a kwaɓa da yumɓu, a gasa kamar tukunya. In yumɓu ya yi yawa, bakin ya yi tauri, rubutu ya yi haske: shi ne mai alamar H. In baƙin dutsen ya rinjaya, bakin ya yi laushi, rubutu ya yi baƙi: shi ne mai alamar B. HB kuwa yana tsakiya, shi ya sa makarantu suka fi son sa.

Shi ma wanda ba a fiƙewa ba ɗan yau ba ne, a hannun yaranmu ne ya zama sabo. Tun 1822 waɗansu mutum biyu a Ingila, Sampson Mordan da John Isaac Hawkins, suka yi rajistar irinsa. A 1915 kuma Tokuji Hayakawa na ƙasar Japan ya ƙera nasa, kuma daga sunan fensirin nan ne kamfanin Sharp, mai rediyo da talabijin, ya sami sunansa. Babban bambancinsu shi ne kauri. Bakin fensirin katako ya kai wajen milimita 2, ga itace kuma yana riƙe da shi. Na mai maɓalli yawanci milimita 0.5 ne ko 0.7, ba abin da ke tallafe shi in ya leƙo waje.

Wannan bambanci ne ya kayar da mu. Hannun yaro mai koyon rubutu yana da nauyi. Jikarmu takan danna kamar mai huda, sai ka ji ƙas, baki ya karye. Ta danna maɓalli, wani ya fito, ya sake karyewa. Kafin mako biyu kwalin bakin ya ƙare, mai shagon unguwarmu kuma ya ce ba ya kawo shi. Mai kawunan nan ya fi ba mu haushi. Ɗan'uwanta ya yar da kai ɗaya tak a hanyar makaranta, sai sauran suka ƙi tsayawa, da ya ɗora a takarda su koma ciki. Fensir sabo ful ya zama abin wasa. Kashegari mene ne ya yi? Ya ari guntun fensirin katako, ya ari reza. Mun gudu gara, mun faɗa gidan zago.

Autanmu kuwa ya ji daɗin nasa wajen zane, gama layinsa ba ya canja kauri. Amma yana shirin jarrabawar WAEC ta 2023, inda a lokacin ake cike gurbin amsa da fensirin HB. Muka sa shi ya gwada a gida muna duban agogo. Da mai maɓalli sai ya yi ta kai da kawowa kafin gurbi ɗaya ya cika, har ya huda takarda sau biyu. Da na katako kuwa, ja biyu ko uku ya gama.

Sai muka koma Kurmi. Muna neman bakin fensir, muka tsaya wurin wani dattijo mai sayar da allo da tawada, yana zaune yana fiƙe alƙalamin kara da 'yar wuƙa. Bayan mun gaisa, muka ba shi labari. Ya yi murmushi, ya ce, "To, Malam, kai da uwargida, laifin fensir ne ko na reza? Ni tun ina saurayi nake wannan sana'a, ban taɓa miƙa wa ƙaramin yaro wuƙa ba. Babba ne yake fiƙewa, yaro ya yi rubutu." Muka ce, "Gaskiyarka, Baba." Kunya ta kama mu, domin amsar tana gabanmu tun ranar farko.

A hanyar gida kuma muka tuna da wani abin da muka yi hasara ba mu sani ba. Dā can, in yaro ya kawo fensir a fiƙe masa, mukan buɗe jakarsa, mu duba littafi, mu ga inda malami ya ja jan biro. Tsawon fensirin ma labari ne: in ya yi mako uku bai ragu ba, ka san ba a rubutu, in ya ƙare cikin kwana uku, ka san wasa ake yi da shi. Tun da muka kawo wanda ba a fiƙewa, ba wanda ya sake kawo mana jaka. Mun yi wata guda ba mu ga littafin jikarmu ba, a ciki kuwa an bar ta baya a lissafi.

Ga yadda muke yi yanzu. Kowane ƙaramin yaro yana da fensirin katako biyu. Bayan abincin dare ya kawo su tare da littattafansa, mu fiƙe su da abin fiƙe fensir, wanda yara ke kira shafna, muna fiƙewa muna duba aikin ranar. In ɗaya ya karye a aji, ga na biyu. Akwai ƙaramar shafna a jaka saboda tsautsayi, reza kuwa ba ta shiga jakar kowa. Mai maɓalli mun bar wa manya waɗanda hannunsu ya zauna, kuma mukan sayi bakinsa kwali biyu lokaci guda. Mai kawuna dai ba mu ƙara saya ba.

Iyaye, ba mu ce sabon abu ba shi da amfani ba. Amma kafin ku saya, ku dubi hannun da zai riƙe shi. Yau da dare kuma ku buɗe jakar yaranku. In kun ga reza, ku cire ta, sa'an nan ku ce su kawo fensir.