Shunayya irin ta furen wake

Akwai launin da ya fi sauran wahalar da mai fenti: shunayya mai haske, irin ta furen wake da sanyin safiya. Faransawa suna ce mata mauve. Wani saurayi ɗan Ingila, William Perkin, ya yi kiciɓis da rininta a 1856, yana ɗan shekara 18, garin neman haɗa maganin zazzaɓi, wato kinin. A Damagaram da Maraɗi kuwa, uwar amarya ce kan nemi a shafa wa ɗakin ƴarta ita, biki saura kwana uku, kuma ta riga ta biya kuɗin gwangwani.

Kowa ya san ja da shuɗi ke haifar da shunayya. Amma wane ja? Nan gizo ke saƙa. Jan da ya karkata wajen ruwan goro yana ɗauke da rawaya a cikinsa, rawaya kuwa in ta gamu da shuɗi da ja, sai bokiti ya koma launin laka. Gwani yakan nemi ja mai kama da garura, da shuɗi irin na bular wanki, ya gauraya su a murfin gwangwani har su zama shunayya mai duhu. Sa'an nan ya ɗiga ta cikin farin fenti, ɗigo bayan ɗigo, yana motsawa. Wanda ya juya al'amarin, ya fara da duhun yana ƙara fari, zai ƙarar da farin da ya saya bai kai ga furen wake ba. Tun da darajar sefa ta faɗi da rabi a Janairun 1994, magidanta suka daina yafe irin wannan ɓarna.

Sauran aikin haƙuri ne, abin da ranar biki ba ta bari. Fentin ruwa yakan ɗan ƙara duhu in ya bushe, farar ƙasa kuwa haske take ƙarawa, don haka sai an shafa kaɗan a bango, a jira, a duba da hantsi, a sake dubawa da hasken fitila. Kuma tilas a haɗa abin da zai ishi ɗakin duka a bokiti guda, domin haɗi na biyu ba ya zama tagwayen na farko, ƴan kallon ɗakin amarya kuwa idonsu ba ya tsallake kusurwar da launi ya saɓa.