Hawan Dutsen Kwahu da Jakar Goyo

Mu mutanen Zangon Kumasi jikokin matafiya ne. Kakanninmu sun taso da jakuna daga Kano da Katsina da Gobir, suka haye Kwara, suka ratsa Borgu da duwatsun Atakora har Salaga don neman goro. Bayan shekarar 1900 da yawansu suka gangaro Kumasi suka zauna. Amma jinin fatake ba ya hana mutum tsoron bisa. Ni dai tun ina yaro, in na hau tsani don gyaran kwanon ɗaki, daga mataki na biyar gwiwoyina sukan fara rawa, tafin hannuna ya jiƙe da gumi. Yanzu na haura arba'in, abin yana nan.

Wanda ya taɓa bin hanyar Akra daga Kumasi ya san Nkawkaw, kimanin kilomita 100 daga nan, ya kuma san bangon dutsen da ke tsaye a bayan garin. A bisansa ƙasar Kwahu take, can kuma Abetifi yake, fiye da mita 600 sama da bakin teku. A 1876 Fritz Ramseyer, ɗan mishan na Basel wanda Asante suka tsare daga 1869 zuwa 1874, ya kafa tashar mishan a garin. Turawan nan suna son tudu saboda iska mai sanyi da ƙarancin zazzaɓi. Kayansu kuwa 'yan dako ne suka hau da su a ka, sunayensu ba su shiga littafi ba.

A watan Janairu na 2019 matasan ikkilisiyarmu suka ce suna so su hau da ƙafa kamar 'yan dakon nan, su kwana biyu a hanya, ko da yake akwai titin mota. Iyaye suka ce sun yarda, muddin malamin majami'a yana tare da su. Malamin kuwa ni ne. Muka sauka a Nkawkaw mu goma sha uku, kowa da jakar goyo: tabarma, bargo, garin rogo, sukari, ƙuli-ƙuli da gorar ruwa. Wani manomi ɗan Kwahu ya shige mana gaba ta hanyar da suke bi zuwa gonakinsu.

Na san mutanen da suka hau Kilimanjaro, mai mita 5,895, za su yi mana dariya. Ko Afadjato, wanda ake koya wa yara a makaranta cewa shi ne mafi tsawo a Gana, ana cewa mita 885 ne. Sai dai tsoro ba ya awon mita. Abin da ya sani shi ne faɗin hanya da zurfin abin da ke gefenta.

Farkon hawan ba wuya, cikin koko da ayaba. Daga baya itatuwa suka ja baya, hanya ta matse ta zama ba ta fi kamu biyu ba, dutse a hagu, kwazazzabo a dama. Hazon hunturu ya rufe ƙasan, ban sani ba ko in gode masa ko in zarge shi. Jakar goyo tana da wata mugunta da kayan kai ba su da ita: in nauyinta ya yi nesa da baya, duk lokacin da ka juya sai ta fizge ka waje. Saboda haka na tsayar da kowa, muka mai da ruwa da gari kusa da ƙashin baya, muka ɗaure igiyoyi tam.

A wurin da ya fi matsewa wani yaro ɗan shekara goma sha shida ya ƙame. Shi ne gwanin ƙwallonmu, mai baki. Ya rungume dutse, idonsa a rufe, ya ce, "Baba Malam, ba zan iya ba." Abokansa da suka riga suka haye suna ta kira, "Kai, taho mana, ba komai!" Jagoranmu ma ya dawo yana tafiya a bakin ramin kamar a tsakar gidansa, don ya nuna masa sauƙin abin. Duk wannan ƙara masa tsoro yake yi. Marar tsoro bai san abin da zai faɗa wa mai tsoro ba, domin bai taɓa jin ƙasa tana kiransa ba.

Ni na san kiran. Na kuma daɗe da lura cewa ido ne mafarin jirin: jiki yana dogara da abin da ke kusa don ya tsaya daidai, in ido ya rasa abin kamawa sai mutum ya fara layi. Na ce wa sauran su yi shiru. Na durƙusa a bayansa, nawa gwiwoyin suna kaɗawa, na ce, "Ɗana, nima tsoron nake ji, tun kafin a haife ka. Zauna tukuna." Ya zauna. Na karɓi jakarsa na miƙa gaba. Na ce ya buɗe ido ya dubi wani saiwa da ke taku biyu a gabansa, kada ya dubi komai sai shi. Muka isa saiwan. Muka zaɓi wani dutse. Na yi addu'a a zuciyata, gajeriya ƙwarai. Wurin bai fi taku talatin ba, amma mun ci kusan rabin awa, rabinsa da rarrafe.

Mun kwana a wani ƙauye a saman tudu, washegari muka bi ta Mpraeso, muka isa Abetifi da yamma ƙafafu a kumbure. Sanyin daren wurin ya sa muka gode wa wanda ya ce a zo da bargo.

Da za mu koma matasan suka so a sake bin ta dutse. Saukowa ta fi hawa wuya ga irinmu, don ramin yana gaban ido koyaushe, na kuwa ga mun cika alkawarinmu. Na ce mota za mu shiga. Tun 2005 ake bikin Ista a dutsen Odweanoma kusa da Atibie, inda mutane ke ɗaura laimar tashi su faɗa iska su sauka a Nkawkaw. A cikin motar yaran suka ce baɗi nan za mu. Ni da gwanin ƙwallo muna zaune a kujerun tsakiya, nesa da taga, ba wanda ya tanka a cikinmu.