Baba ya bar ƙungiya, amma ruwa bai bar shi ba

Ranin bara na je gida hutu, na tarar Baba ya fita daga ƙungiyar masu amfani da ruwa ta yankinsu. Ya ce shekara uku ana karɓar kuɗinsu, ba a taɓa karanta musu lissafi ba. Gonarsa ta shinkafa tana cikin aikin noman rani na Kadawa, mai shan ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974, wanda manoman Kura da Bunkure suka dogara da shi.

Na goya masa baya. Sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiya, kuma sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 kan haƙƙin ɗan Adam ta hana tilasta wa mutum zama ɗan ƙungiya.

Sai dai da ya daina zuwa taro, ya daina zuwa gayyar yashe magudana. Ciyawa ta toshe ɓangarensa. Gwaggona, wadda mijinta ya rasu, gonarta ce a ƙarshen layi. Ta kwana tara ruwa bai iso ba. A wajen Baba kuwa ruwa ya kwanta, yara suna wanka a ciki. Hankalina ya tashi, don kullum ina karɓar yara masu fitsarin jini a asibiti, na san inda tsargiya ke kama su.

Masanin falsafa ɗan Ingila, John Stuart Mill, ya rubuta a 1859 cewa mutane suna da 'yancin haɗuwa kan duk abin da ba zai cutar da wasu ba. Na fahimci ficewa ma haka take. Sashe na 45 kuma ya yarda doka ta taƙaita wannan 'yanci saboda lafiyar jama'a ko haƙƙin wasu.

Shugabannin ƙungiya suka ce za su datse masa ruwa. A ganina su ma sun wuce gona da iri: neman lissafi ba laifi ba ne.

Da dare na durƙusa na ce, “Baba, ku yi haƙuri. Shugabanni kuka yi fushi da su, amma shinkafar Gwaggo ce ke bushewa.” Bai ce komai ba.

Da asuba ya ɗauki shebur, ƙannena biyu suka bi shi. Har yau bai koma ƙungiya ba, yana jiran lissafi. Amma gayyar yashe ba ta sake wuce shi ba.