Hoto da Isnadinsa

Zighan ƙaramin gari ne na dabino a arewa maso gabas da Sabha, cikin ƙasar Fazzan, maƙwabcin Samnu da Tamanhint, kuma duk wanda ya zauna a cikinsa har gemunsa ya yi fari, kamar yadda Allah ya ƙaddara mini tun bayan farin 1973 da ya tashe mu daga ƙauyukan Damagaram muka hauro arewa neman abin sakawa a bakin salati, ba zai rasa jin labarin tsohuwar hanyar ayari ba, wadda ta taso daga Tarabulus ta bi ta Sukna ta ratso nan ta nufi Murzuk, daga can kuma ta rabu zuwa Barno da ƙasar Hausa. Ta wannan hanya Bature matafiyi Clapperton da abokan tafiyarsa suka wuce a 1822, har ya isa Kano da Sakkwato a 1824 ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ta nan kuma wani Baturen, Nachtigal, ya bi a 1869. Sunayensu suna nan a rubuce, har da zanen fuskokinsu. Amma fatake da alhazai, da bayin Allah da aka koro daga ƙasashenmu a ɗaure, waɗanda adadinsu Mahaliccinsu kaɗai ya sani, sun taka wannan yashi sun shige ba tare da sun bar suna ko kama ba, in ban da Hausar da ake ji har yanzu a bakin wasu mutanen Gat.

Wannan tunani ne ya sa na amince sa'ad da 'ya'yana suka kawo shawarar a tattara hotunan gidanmu a buga su littafi guda, domin ba na son zuriyata, da aka haifa a baƙuwar ƙasa take tashi da Larabci a baki, ta zama kamar waɗancan.

Ban amince ba sai da na nemi fatawa, gama mun taso muna jin hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito game da mala'iku da gidan da ke da sura, kuma ba al'amari ne da musulmi zai yi wa riƙon sakainar kashi ba. Malamai sun yi saɓani a kan hoton na'ura, wanda bai bayyana a duniya ba sai 1839: wasu sun haɗa shi da gunki da zanen hannu sun hana, sai dai don larura irin ta fasfo, wasu kuwa, cikinsu har da Shehu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, muftin Masar da ya rasu a 1935, wanda ya wallafa risala a kan mas'alar, sun ce inuwa ce aka tsare, ba ƙaga halitta ba ne, don haka ya halatta muddin abin da aka ɗauka halal ne. Na bi wannan ƙauli na biyu, ina kuwa girmama wanda ya bi na farko, kuma zuciyata ta fi natsuwa da littafin da ake rufewa a ajiye a akwati bisa ga hoton da ake ratayewa a bango ana girmama shi.

Tattarawar ta fi yadda aka zata wuya. Hotuna masu fari da baƙi da aka ɗauka a Damagaram don katin shaida sun fi kowanne lafiya, alhali masu launi na zamanin 1980 sun koɗe sun koma jajaye, saboda zafi da haske suna cin rininsu. Na cikin waya kuwa, waɗanda samari suke tsammani sun fi tsaro, su ne suka fi saurin salwanta, domin waya takan faɗi, ko a sace, ko a ƙwace a hanya, musamman cikin rikicin da ya biyo bayan 2011. Abin da aka turo ta WhatsApp kuma an matse shi, yana da kyau a fuskar waya, amma in an faɗaɗa shi a takarda sai ya dusashe. Mai aikin ɗab'i a Sabha ya ce a nemo asalin kowane hoto, a kwafe shi da na'ura da ƙarfin ɗigo 300 a kowane inci ko fiye, ni kuma na ƙara da cewa a kwafe bayansa ma, gama a nan ne marigaya suka rubuta gaisuwa da ajami, da kwanan wata, da hatimin mai hoto.

Sai dai duk wannan sana'a ce, kowane yaro mai kwamfuta zai iya. Abin da ba ya samuwa sai a bakin tsoho shi ne suna. Malaman hadisi ba sa karɓar magana komai daɗinta sai sun san wanda ya faɗe ta da wanda ya ji daga gare shi, har zuwa tushe, kuma na ga cewa hoto ma yana bukatar irin wannan isnadi, domin fuskar da kowa a gida ya sani yau, bayan mutuwar mutum biyu ko uku sai ta zama fuskar baƙo, jikoki su dube ta su wuce. Don haka na sharɗanta cewa ba za a sa hoto a littafin ba sai an rubuta a ƙarƙashinsa sunan yanka na mai shi, da laƙabin da aka fi saninsa da shi, tun da matanmu ba sa kiran sunan miji ko na ɗan fari saboda kunya har sunan ya ɓace; da sunan ubansa da garinsu; da shekarar, ta Hijira da ta Miladiyya; da kuma sunan wanda ya shaida cewa shi ne. Inda tsofaffi biyu suka saɓa, aka rubuta riwayar kowanne da sunansa. Inda ba a tabbatar da shekara ba, aka rubuta abin da ake tunawa, kamar a ce bayan yunwar 1984, ko kakar dabinon da aka aurar da wance, domin gaskiya mai gajarta ta fi lissafin da aka ƙaga don a cika gurbi.

Daga nan muka zo wurin da ya fi nauyi, watau zaɓe. Babbar 'yata ta ce, “Baba, a bar wannan da kake cikin tsumman aiki a gindin dabino, a sa na Makka.” Na ce mata a sa duka biyu, domin da kuɗin wancan tsumma aka je Makkan, kuma jikan da bai ga kakansa da igiyar hawan dabino a ƙugu ba zai zaci arziki daga sama yake faɗowa. Haka matar da aure ya mutu tsakaninta da ɗan'uwana, wadda wasu suka so a cire: uwar 'ya'yanmu ce, nasaba kuwa ba ta yankewa da saki. Haka yaron da ya rasu kafin yaye, wanda uwarsa ba ta daina ƙidaya shi cikin 'ya'yanta ba. Mai tsara littafin zuriya amana ce a wuyansa irin ta mai rabon gado, in ya cire talaka ya bar mai hali, ya yi shaidar zur a kan matattu waɗanda ba su da bakin kare kansu. Abu guda ne na yarda a cire ba musu: hoton duk macen da aka ɗauka cikin gida ba lulluɓi, sai an tambaye ta ta yarda, in kuwa ta rasu a tambayi 'ya'yanta.

Jikokina na nan Larabci suke karantawa, danginmu na Damagaram kuwa boko da Faransanci, tsofaffi kuma ajami. Aka yi ta muhawara a kan gefen da littafin zai buɗe, daga ƙarshe muka bar shi ya buɗe daga dama kamar littattafan makarantar allo, kowane suna da baƙaƙen Larabci a sama, boko a ƙasa. Na nace a ɗinke shi da zare, domin ganin da na yi wa littattafan da aka manne da gam, yadda zafin bazarar Fazzan yake busar da shi har takardu su riƙa zubewa ɗaya ɗaya.

An buga kwafi uku, kada gobara ko gudun hijira su cinye aikin a wuri guda. Ɗaya yana wurina, ɗaya wurin ɗana a Sabha, na ukun kuwa na damƙa shi ga wani direba amintacce da ke bi ta Gatrun da Dirku da Agadas, tare da ambulan na hotunan da babu wanda ya gane masu su a nan, da wasiƙa zuwa ga yayata da sauran dattawan gida cewa su zauna a karanta musu shafi shafi, duk inda suka ga kuskure ko suka tuna suna su sa a rubuta da alƙalami a gefe, a kuma rubuta sunan wanda ya faɗa, domin da gyaransu za a yi bugu na biyu in Allah ya kai mu.